Sukuwar Ƙarshe a Filin Su Kaka

Abin da na fara gani da muka isa filin sukuwar shi ne ƙananan turakun siminti masu jan fenti, an kakkafa su har tsakiyar hanyar dawaki. Wata akuya tana ɗaure a jikin ɗaya. An yanka filin fuloti-fuloti, wannan ce sukuwa ta ƙarshe kafin katafila ta shigo. Amma bari in faro daga gida.

Bebeji

Bayan sallar asuba muka fito, ni da kakana. A wannan fili ya yi tashensa yana saurayi, shi ya sa ya rantse sai ya je. Inna, matarsa, ta ja ni bayan rumbu ta damƙa mini ƙullin maganinsa.

"Hauwa'u, likita ya ce idan ƙugun nan ya sake gocewa sai keken guragu. Ya kalla da ido kawai. In ya hau doki, ke zan kama."

Ni da ko a aji ba na iya ɗaga hannu, ni aka ba tsaron Kaka.

Kwanar Dangora

A nan muka sauya mota, muka sha koko da ƙosai. Mu huɗu aka cusa a kujerar mutum uku, ga buhun barkono a bayana, sai atishawa nake yi. Kaka bai zauna sosai ba ya fara ba direba labarin dokinsa Akawal.

"Da Akawal na hau, da tuni ina Doguwa ina alwala."

"To Baba, sauka ka hau shi mana," in ji direba.

A wani shinge ɗan sanda ya leƙo ya tambayi me ke cikin buhu. Kafin a amsa ya yi atishawa, ya ɗaga mana hannu.

Tudun Wada

Daga tasha acaɓa ya kai mu ƙauyen da filin yake, a kan hanyar Doguwa. Fili ya cika da masu rake, Fulani masu fura da nono, da tsofaffi a gindin tsamiya. Suna ganin Kaka suka ɗauki ihu.

"Na Akawal! Ashe kana nan? Mu da muka yi maka addu'a tun bara!"

"Sai na binne ku duka," in ji shi.

Ɗaya daga cikinsu, Malam Ila, ya nuna mini inda dokinsa ya taɓa watsar da shi cikin gonar gyaɗa, mai gonar kuma ya biyo shi da fartanya. Ana dariya, amma na lura Kaka yana shafa ƙasar wurin da tafin hannu, kamar yadda ake shafa wuyan doki.

Sai na ji Malam Ila yana cewa duk tsohon mahayin da aka kaɗa wa takensa, ba ya zama. Na hango wani makaɗi da gangarsa a bakin fili, na ce bari in roƙe shi kada ya taɓa taken Kaka.

Na ratsa cikin maza kaina a ƙasa. Da na isa gabansa, kunya ta kama ni. Don kada in tsaya haka kawai, na kwance kuɗin raken da ke bakin mayafina na miƙa masa, na ce, "Na Akawal..." Sauran maganar ta maƙale.

Ban san duk wanda ya ba makaɗi kuɗi ya kira suna, kiɗan mai sunan ya saya ba.

"Yarinya ta biya! Na Akawal, jikarka ta ce ka tashi!"

Ganga ta ɗauka. Kaka, wanda mutum biyu suka sauko da shi daga acaɓa, ya miƙe ba sanda. Aka jawo masa wani tsohon doki, kili mai hamma, samari suka ɗora shi a sirdi. Na rufe fuska da mayafi ina salati, ina leƙe ta gefe.

Dokin bai yi sukuwa ba, sassarfa ya yi. Ya kauce wa turakun nan ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya ya sunsuni akuyar, sannan ya ƙarasa zagaye don kansa. Kaka ya ɗaga hula sama kamar ya tsere wa dawaki goma. Da aka sauke shi na ruga na tambayi ƙugu.

"Wane ƙugu?" ya ce. Gemunsa ya jiƙe da hawaye.

Hanyar gida

Alhamdu lillahi, da ƙafarsa ya shiga mota, ko da yake sai da kwandasta ya tura. Daga Tudun Wada har Kwanar Dangora babu fasinjan da bai ji labari ba.

"Kun ga amaryar nan tawa? Ita ta biya makaɗi da kuɗinta! Bari mu isa, har tsohuwar can sai ta san wadda ke sona."

Da muka hango fitilun Bebeji na tattara duk ƙarfin halina, na ja hannun rigarsa.

"Kaka, don Allah ina da roƙo."

"Faɗi, Amarya, ko saniya ce."

"Idan mun shiga gida, kada ka yabe ni a gaban Inna."