Tallar man gyaɗar mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin ina zaman jiran aiki a gida Roni, na naɗa kaina masanin tallar intanet. Mahaifiyata man gyaɗa take yi da ƙuli-ƙuli tun ban san kaina ba. Cinikinta bai wuce unguwa da ranar kasuwa ba, kuma hakan bai taɓa damunta ba. Ni ne abin ya dama.

Wani abokina mai gyaran waya a Kazaure ya nuna min irin tallar nan ta dandalin sada zumunta wadda ba ka biya sai an danna. Ka sa hoto, ka zaɓi garuruwan da za su gani, ka zuba kuɗi a ciki. Duk wanda ya taɓa hoton da yatsa, sai a ciri wani abu. Na ce ai wannan adalci ne tsantsa. Wa zai danna in ba mai son saye ba?

Na dawo gida na cika Umma da surutu. "Ki ƙaro gyaɗa kawai. Wallahi sai kin rasa hannun aunawa."

"Kai dai da bakinka," in ji ta.

Amma da ta ɗauki adashi, gyaɗar ta saya da shi kaf. Aka kai inji, ta matse, jarkoki suka jeru a ɗakinta har sai mutum ya karkace kafin ya kai bakin gado. Damina ta yi nisa a lokacin. In sabuwar gyaɗa ta shigo ba a sayar ba, farashi zai faɗi, tsohon mai kuma ƙamshinsa guduwa yake yi. Ita ta san haka, ni ma na sani.

Na ɗora talla da ɗan abin da na tara, na zaɓi Roni da Kazaure da Gwiwa da Babura, inda ɗan acaɓa zai iya kai kaya. Kai, dannawa ta yi dannawa! Ina nuna wa Umma waya ina washe baki, ita kuwa tambayarta ɗaya: "To ina masu sayen?" Na ce suna tafe. Kuɗin talla na ta zurarewa, waya ko tari ba ta yi ba. Abokina ya ce hoton ne bai yi kyau ba, na sake wani. Dannawa ta ƙaru, jarkoki na nan yadda suke.

Ana cikin haka aka yi suna a gidan kawuna a Gwiwa. Da aka shafa fatiha ya yafito ni, fuskar nan cike da fara'a.

"Kana dai ganin aikinmu ko?"

"Wane aiki, Kawu?"

"Tallar uwarka mana! Ta faɗa wa mata a gidan biki wai man gyaɗarta ya shiga waya, dannawa ake yi. Sai na sanar a guruf ɗin dangi, na ce duk wanda hoton ya fito masa ya danna, gudummawarsa ke nan. Ni ina idar da sallar asuba nake danna nawa. Innarka ta Babura kuwa, har maƙwabta ta sa."

Ashe dangina ne suka yi layi suna cinye kuɗin tallar, kowa da kyakkyawar niyyarsa. Mutanen da ko man suke so, aikowa za su yi a zuba musu kyauta. Na durƙusa na ce, "Allah ya saka da alheri, Kawu, Allah ya bar zumunci." To me zan ce?

Da na koma gida na yi wa Umma bayani. Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta dubi jarkokin, dariyar ta tsaya. Na ce bari in rubuta a guruf kowa ya daina.

"Kar ka kuskura," ta ce. "Mutum ya zo taya ka aiki, ka ce masa ɓarna yake yi? Yayana ne fa. Ka nemi wata hanya."

Hanyar ba ta da wuya, ni ne ban tambaya ba tun farko. Abokina ya nuna min yadda zan cire garuruwanmu gaba ɗaya in mayar da tallar Kano. Muka rubuta farashi ɓaro-ɓaro a jikin hoton, muka ce sari ne, jarka-jarka, don kar mai kallo kawai ya taɓa. Dannawa ta ragu sosai, har na tsorata. Sai ga wata mai gidan abinci ta kira, ta ce a aiko ɗaya ta gwada. Na kai tashar Kazaure na ba direba. Ta sake kira, ta haɗa mu da wata. Ba duka aka sayar kafin kaka ba, ragowar an karyar da su. Amma uwar kuɗin Umma ta dawo, ni kuma na samu bakin cin tuwo a gidan.

Ba a daɗe ba sai ga innata ta Babura, yayar Umma, ta sauka daga acaɓa da galan fanko a hannu. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce, "Hoton ya ɓace min a waya. Na ce ko kasuwar ce ta karye kuke ɓoye min. Ku cika min wannan, kuma da kuɗina zan saya."

Umma ta kalle ni. Na ce, "A'a Inna, lafiya lau. Tallar ce ta koma Kano."

Damuwa ta bayyana a fuskarta. "Kano? To wa ke danna muku a can? Ba ku da kowa fa."

Yanzu nakan ɗora wa masu ƙananan sana'o'i talla jefi-jefi, kuma kafin in tambayi mutum me yake sayarwa, nakan tambaye shi ina danginsa suke zaune. Suna dariya, ni kuwa da gaske nake. Inna ta rasu ba ta san gaskiyar maganar ba, kuma ban yi nadamar hakan ba. Tallar Umma tana nan tana kawo masu saye, baƙi ne duka, sun san abin da suke so. Amma duk safiyar da na buɗe na duba, nakan ji kewa ta kama ni, don babu sauran mai danna mana saboda mu.