Kwana Tara Kakana Yana Cikin Ihrami Saboda Ni

Assalamu alaikum Edita, da duk mai karanta wannan shafi. Na daɗe ina son in rubuto muku, sai in fara in goge. Ku yi haƙuri da Hausata, a Makka aka haife ni, karatun ma ban yi nisa ba, yadda nake magana haka zan rubuta.

Lokacin da abin ya faru shekarata goma sha tara. Na bar makaranta da wuri, ba korata aka yi ba, zama wuri ɗaya ne ba na iyawa. An kai ni wajen mai gyaran na'urar sanyi a unguwar Zahir, bayan wata biyu na gudu. An sa ni tsaron kanti, sati uku na watsar. Daga ƙarshe na faɗa turin keken marasa ƙarfi a Masallacin Ka'aba, wanda a nan muke ce wa arabiyya. Tsoho ko mara lafiya ya hau, ka yi masa ɗawafi, ka kai shi Safa da Marwa. Aikin ya yi min, don babu mai tsaya min a kai. A nan na koyi wata mummunar dabara a wajen wasu 'yan uwana masu turi. Sa'ayi bakwai ne, daga Safa ake farawa, a Marwa ake gamawa. To in ka yi biyar ma a Marwa za ka tsaya. In ka samu tsohon da ya gaji yana gyangyaɗi, ko wanda hankalinsa ya tafi wajen addu'a, sai ka tsaya a na biyar ka ce masa halas, mabruk, wato an gama, barka, ka nuna masa wajen aski, ka juya neman wani. Na yi wa mutane haka, ban san adadinsu ba.

A unguwar Jarwal muke zaune. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, baffana ne ke riƙe da gidan, kuma ya gaji da ni, ya sha faɗa min cewa laifi ɗaya ya rage min in tattara kayana. Mutum ɗaya ne a gidan bai gaji da ni ba, kakana, wanda muke kira Baba Tsoho. Ya haura casa'in, idonsa ya kusa tafiya gaba ɗaya. Kurtu yake ce min, ni kuma in ce masa Saja don tsokana, alhali ko igiya ɗaya bai taɓa samu ba. Yana saurayi Turawa suka kwashe su daga ƙasar Kano zuwa Yaƙin Bama, a ƙarshe-ƙarshen yaƙin duniya na biyu. Ba bindiga aka ba shi ba, dako ya yi. Akwatin harsashi da buhun abinci, a ka, cikin dajin da mota ba ta shiga. Da aka sallame su bai zauna a gida ba, ya biyo hanyar Chadi da Sudan, yana aiki yana matsawa, har Allah Ya kawo shi Makka. Kowa a gidanmu ya san yana da wani aboki da ya rasu a Bama, ɗan ƙasar Zazzau, wanda ba shi da zance sai na zuwa Makka in an gama yaƙi. Duk shekara Baba Tsoho sai ya yi masa umara. Abin da muka sani ke nan, cewa an harbe shi, Baba Tsoho ya binne shi.

A shekarar baffana ya so hana shi, ya ce jiki ya ƙi. Baba Tsoho ya ce ai yana da kurtu mai mota ta musamman, me zai dame shi. Da safe muka je Tan'im ya ɗaura ihrami, ya ɗauki niyya da sunan abokinsa, muka dawo. Ɗawafi na yi masa cikakke, Allah ne shaida. Muna cikin sa'ayi na uku wayata ta fara ƙara. Abokaina ne, sun samu mota za su Jidda bakin teku, suka ce in ban fito ba cikin rabin awa za su tafi. Na duba Baba Tsoho, kansa a sunkuye, leɓensa ma ya daina motsi. Raina ya ce min barci yake. Da muka isa Marwa a na biyar sai na ja burki na ce, Saja, an gama. Ya ɗago kai a hankali, ya tambaye ni nawa muka yi. Na ce bakwai. Ya sake tambaya. Ni kuma, a wannan wurin, a kan Marwa, na ce masa wallahi bakwai ne. Sai ya ce to, tunda ka rantse. Da na nufi wajen wanzami sai ya ce a'a, kansa na ciwo, mu je gida. Murna ma na yi. Na ajiye shi, na tafi Jidda.

Da na dawo sai na tarar bai cire ihramin ba. Washegari ma haka. An kawo masa jallabiya ya ture, an miƙa masa hula ya ƙi. Gwaggona ta zo da turare ranar Juma'a, ya ɓoye hannunsa. Baffana ya kira wanzami har gida, ya ce ba yanzu ba. In an tambaye shi dalili sai ya ce yana jin daɗin kayan ne kawai. Sau biyu ya kira ni gefe ya ce, kurtu, yaushe za ka sake kai ni yawo a motar nan taka? Sai in ce ana cunkoso, sai gobe. Na gane abin da yake nufi sarai. Amma na san in gaskiya ta fito baffana zai kore ni, sai na riƙa fita da sassafe ina dawowa bayan ya kwanta. Mutanen gida suka fara cewa tsufa ne ya taɓa masa hankali. Maƙwabta suna shigowa dubiya suna rage murya. Mutumin da unguwa ke kawo wa shari'ar aure da rabon gado, aka koma yi masa magana kamar jariri, ana ce masa yawwa Baba, sa riga mana Baba, duk yana ji.

A rana ta tara baffana ya yanke shawara. Ya ce gobe ko ya so ko bai so ba za a danne shi a sa masa kaya a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa. Bayan la'asar Baba Tsoho ya aika a kira ni in matsa masa ƙafa. Na shiga ina kauce wa fuskarsa, duk da na san ba ya gani na. Ina matsawa sai ya fara labarin Bama, na ce a raina wanda na ji sau ɗari ne. Ya ce lokacin sojojin Japan sun fara ja da baya, su kuma suna bin su tudu bayan tudu, ruwan sama ba ya ɗaukewa, jirage ne ke jefo musu abinci daga sama. Suka shiga wani ƙauye da Japan ta bari da kwana ɗaya. Mutanen suka fito daga ɓuya, ƙashi da fata, wani dattijo ya matso ya yi musu sallama. Ashe Musulmi ne. Ya ce an daɗe ba a kira salla a garin ba saboda tsoro. Abokin Baba Tsoho ya sauke akwatin da ke kansa, ya hau wani kututture ya kira salla, mata suna kuka, sojojin Hausa suna kuka. Baba Tsoho ya ce bai taɓa jin daɗin wata rana a yaƙin ba kamar wannan.

Daga nan sai labarin ya bi wata hanyar da ban sani ba. Bayan kwana uku aka yi musu kwanton ɓauna a bakin wani rafi, harsashi ya samu abokin a ciki. Suka yi makara da gora, shi da wani, suka ɗauke shi kwana biyu. Tudu ɗaya ya rage su kai inda likita yake, sai wuta ta sake tashi a gaba, Baturen da ke shugabantarsu ya ce a ajiye shi a ɗauki harsashi. Abokin idonsa biyu, ya kama hannun kakana ya tambaye shi ina za shi. Baba Tsoho ya dakata, ya lalubo hannuna ya riƙe, ya ce:

"Ce masa na yi ruwa zan ɗebo masa in dawo. Ban koma ba, kurtu. Ban binne shi ba. Da ransa na bar shi, yana jiran ruwa."

Ya ce ko kakarmu bai taɓa faɗa wa ba har ta rasu. Ya ce a dajin nan ba ka ganin na gabanka, da ƙidayar taku da ƙidayar kwana suke gane inda suke, har yau ko barci yake jikinsa na ƙirga juyi. Bai ce min biyar muka yi ba. Cewa ya yi ya san yadda ake ji in mutum ya yi wa wanda yake ɗauke da shi ƙarya, shi ya ɗauki nasa shekara saba'in, kuma ba ya so in ɗauki nawa ko na shekara ɗaya. Ya ce ba zai ƙaryata wanda ya rantse da Allah ba, kuma ba zai zama sanadin korar marayan ɗansa ba. In sun kai shi asibitin gobe, su kai shi.

Ban san lokacin da na kifa kaina a gwiwarsa ba. Ya bar ni na yi kukana, yana shafa min ƙeya, har yana tsokanata wai soja ba ya kuka a gaban Saja. Na tashi na samu baffana a falo, gwaggona na wajen, na faɗa musu komai. Baffana ya miƙe, na ɗauka duka ne, ban matsa ba. Sai ya wuce ni ya shiga ɗakin mahaifinsa, ya durƙusa yana ba shi haƙurin abin da suka yi ta faɗa a kansa. Baba Tsoho ya ce ya yafe, da sharaɗi ɗaya, a bar masa kurtunsa a gidan. Muka tambayi wani malami a unguwa, ya ce lallai tsohon yana cikin ihraminsa, sai ya koma ya cika, ni kuma in tuba daga rantsuwar ƙarya.

Da safe muka koma, baffana na biye da mu. Na sake masa ɗawafi, muka hau sa'ayi daga farko. Duk juyi sai in sunkuya in faɗa masa lambar a kunne, shi kuma ya ɗaga yatsa. A na shida ya ce in rage gudu, ba korarmu ake ba. A na bakwai na ji yana kiran sunan abokinsa a hankali, yana yi masa addu'a. Da wanzami ya gama aski, ya ce a ba shi zamzam. Ya riƙe kofin ya daɗe bai sha ba, hawaye na bin gemunsa, mu kuma muka jira shi. A gida ya sa jallabiyarsa da hula, ya ce gwaggona ta kawo turaren nan nata, ya shafa har ya yi yawa. Umararsa ta ƙarshe ke nan. Bayan wata huɗu Allah Ya karɓi abinsa, aka yi masa salla a Masallacin Ka'aba. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan abokinsa, Ya haɗa su a inda babu ƙishirwa.

Yanzu na bar turi, ina aikin wutar lantarki, har na yi aure. Abin da na koya shi ne, wanda ya zauna a keke ya ba ka bayansa, amana ce ya ba ka wadda ba shi da hanyar dubawa. Ni na ɗauka juyi biyu ne kawai nake ragewa, ban taɓa tunanin me mutum ya ɗauko daga ƙasarsa ya kawo wajen nan ba, ko wa yake yi wa, ko shekara nawa ya yi yana jira. 'Yan uwana matasa masu wannan aiki, ku ji tsoron Allah, rabin awa ba ta kai wannan ba. Ku kuma masu rako iyaye, kada ku miƙa su ga mai turi ku tafi kasuwa, ku bi su, ku ƙirga da kanku. Kuma in tsoho ya dage kan wani abu da ba ku gane ba, ku zauna ku tambaye shi a hankali kafin ku ce hankalinsa ya tafi.

Ni kakana ya jira ni har na gyara. Sauran da na yi wa haka sun yi aski, sun cire ihrami, sun hau jirgi suna murna. Akwai wata tsohuwa 'yar Nijar da ta riƙe hannuna a Marwa tana sa min albarka har da kuka, a na biyar. Ban san sunanta ba, ban san garinsu ba. Shi ya sa na rubuto muku, ko Allah zai sa wani nasu ya karanta. In wani dogon yaro baƙi mai tabo a gira ya taɓa tura mahaifiyarka ko mahaifinka a Safa da Marwa, kuma kun ga kamar an gama da wuri, ba ku yi kuskure ba. Ku tambayi malami abin da ya kamata a yi, kuma don Allah ku roƙa min gafararsu.