Allurar Inna da fida biyar

Hutun haihuwata ya ƙare yarona yana da wata uku, bai san komai ba sai nono. Ina koyarwa a wata firamare a Sabon Gari, gidanmu yana Samaru, surukata kuma, wadda muke kira Inna, tana Hanwa, a kan hanya. Sai muka shirya in riƙa tatsar nono da safe in zuba a fida, in sauke yaron wurinta, in ɗauke shi bayan azahar.

Ranar farko na dawo na tarar da shi muryarsa ta dishe, bai sha abin kirki ba. Inna ta ce zai saba. Bai saba ba. Da ya hangi robar sai ya sanƙare, ya kau da kai, ya fasa kuka. Yakan yini haka, cikin zafin nan na bazara, sai na dawo ya kama nono yana ajiyar zuciya.

Shi ne ɗana na fari, kuma sunan marigayi mijin Inna aka sa masa. A yadda aka raine ni, uwa ba ta rawar jiki a kan ɗan fari gaban manya, balle ta kira sunansa. Ni da nake yi wa ƙawayena dariyar wannan kunya, sai ga ni ina miƙa wa Inna shi kamar na kawo saƙon maƙwabta, in gaishe ta, in juya. Ban taɓa tsayawa na ga yadda ake ba shi ba. Kukana a bas nake yin sa.

Na ɗora wa fida laifi. Na shiga kasuwar Sabon Gari na sayo wata, mai kemis ya rantse mini ba yaron da ke ƙinta. Nawa ya ƙi. Na sayo mai faɗin baki, na sayo mai laushi, har suka kai biyar. A aji kuwa nono ya cika ya yi ta zuba, in riƙa jan hijabi ina rufewa, ina koya wa 'ya'yan wasu lissafi nawa yana can da yunwa.

Ranar awo nas ta ɗora shi a sikeli ta ce bai ƙaru ba. Ta tambaye ni sau nawa yake jiƙa nafkin da rana, na ce ban sani ba. Tsoro ya kama ni sosai. Na rubuta takardar ajiye aiki na sa a jaka, ko mijina ban gaya wa ba.

Washegari na sauke shi wurin Inna, na kai bakin titi, ƙafata ta ƙi shiga mota. Na koma. Daga zaure na ji kukansa ya yanke ɗif, na faɗa ciki ko sallama ban yi ba. Yana kwance a cinyar Inna, ta kafa masa fida, nono na fitowa ta hancinsa, idanunsa sun firfito. Na fizge shi na ɗora a kafaɗa ina bubbuga bayansa har ya yi tari. Na ɗauki fidar na kifa ta. Maimakon ɗigo, sai ta tsiyayo kamar bakin buta.

Inna ta ce ai ita ta gyara. Hudar da masu yin abin suka yi ta yi ƙanƙanta, yaro mai yunwa ba zai iya ja ba, shi ya sa duk wadda na kawo take sa allura a wuta ta buɗa masa, yadda ta ga ana yi in za a ba yaro koko. Duka biyar ɗin ta huda.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Inna, sati uku ke nan kuna shaƙe shi."

Ta dubi fidar. Ta ce, "Ni ban yi goyo da abin nan ba, 'yar nan. Kullum jira nake ki tsaya ki nuna mini, ke kuma sai ki juya."

Gaskiya ta faɗa.

Sabuwar fida da ba a huda ba ma ya ƙi, ya riga ya tsorata. Da na koma asibiti, nas ta ce mu gwada ɗan ƙaramin kofi, a zaunar da shi, a bar nonon ya taɓa leɓensa kawai, kada a ɗura. Ranar da za mu gwada ban je makaranta ba, takardar tana jaka. Na zauna a tabarmar Inna da shi a cinyata, a gabanta, na kai masa kofin baki. Ya kau da kai yana kuka, ni ma na fara.

Inna ta juya mana baya ta fuskanci bango. Ta ce, "Kira shi da sunansa, ko ya juyo. Ni ba na ji."

Na kira shi. Ya juyo yana nemana, leɓensa ya taɓa nonon, ya lasa, ya sake lasa. Inna ba ta waiwayo ba, sai dai ta tambaye ni a hankali ko yana haɗiyewa.