Zanen Ummuhani a Bayan Ƙyaure

Ranar Laraba, huɗu ga Disamba 2013, ƙarfe bakwai na safe, Ɗantsoho ya fita zuwa shagonsa na magani a Titin Koudoukou, cikin birnin Bangi. 'Yarsa Ummuhani, mai shekara sha bakwai, ta bi bayansa a ɓoye da agogon da ta ara a ɗakinsa. Malamin fizik ne ya ce kowa ya zana tafiyar wani abu mai motsi. 'Yan ajinsu suka zaɓi mota ko ƙwallo, ita ta zaɓi ubanta. Tana tafe tana ƙirga falwayoyin wuta, tana rubuta minti.

Ƙarfe biyu ya dawo cin abinci, ya tarar da zanen alli a bayan ƙyauren ɗakinta: lokaci a kwance, nisa a tsaye, ga wani layi yana hawa yana hutawa.

Inno, uwarta, ta ce ai wannan matattakala ce.

"Baba ne," in ji Ummuhani. "Inda layin ya miƙe sama, yana sauri. Inda ya kwanta, ya tsaya. Wannan gaisuwar liman ce, minti shida. Wannan gardamar ƙwallo ce wurin tela."

"Wannan doguwar kwanciyar fa, tsakanin falwaya ta tara da ta goma?" in ji Inno.

Ɗantsoho ya yi tari. A nan Salamatu ke soya makala, fanken nan na Bangi mai iyo a cikin mai, wanda likita ya hana shi saboda ciwon suga. Shi da ya yi shekara biyar a jami'a, bai taɓa zaton lissafi zai tona masa asiri a gidansa ba.

"Inno, wannan sai na ƙara bincike," Ummuhani ta ce, idonta a kansa.

Ƙarfe huɗu aka yi ciniki a zaure.

"Baba, minti sha tara. Nawa ka ci?"

"Ke, 'yar banza, uku."

"Bakwai. Na ƙirga. Agogon ya zama nawa, bakina ya rufu."

Ya bar mata. Bayan magariba ta fesa wa allin ruwan sukari don kada ya goge. Ya ce to, ƙyauren ma an ba shi abin da aka hana maigidan.

Washegari da asuba yaƙi ya ɓarke a birnin, harbi ya tashi. Ranar Juma'a da hantsi harsashi ya tsallako katanga, ya sami Ummuhani tana shanya kaya. Kafin la'asar an kai ta makwancinta.

A watan Fabrairu maƙwabta suka shiga manyan motocin da ke fita da mutane zuwa Kamaru. Su ba su tafi ba. Inno ta raba tufafin Ummuhani ga 'yan matan da ke tafiya, littattafan ta bai wa wata 'yar ajinsu a unguwar Kokoro. Agogon ya koma hannun Ɗantsoho. Saura ƙyaure. Inno ta kawo tsumma da ruwa, ta tsaya a gabansa, ba ta taɓa ba.

"Ba ta gama gaya mini ba," ta ce.

Ɗantsoho ya ɗora yatsa a kan doguwar kwanciyar.

"Nan wurin Salamatu ne. Makala. Bakwai."

"Ni nake wanke rigunanka, Malam. Na san man nan tun shekarar da aka yaye ta. So nake ka karanta mini duka, yadda take yi."

Ya faro daga ƙofar gida, falwaya ɗaya bayan ɗaya. Da ya kai shago, Inno ta zubar da ruwan a gindin mangwaro.