Goggo da Kujerar Bayan Aji

Kafin a buga ƙararrawa Goggo ta riga ta iso. Takan goge allo, ta buɗe tagogi, sannan ta jawo wata tsohuwar kujerar katako mai ɗingishi zuwa bayan aji, ta tokare gajeriyar ƙafar da guntun kwali. Malamar lissafi ce a aji huɗu, kuma a makon nan take yin ritaya. Kowa Goggo yake ce mata, har shugaban makaranta da ya girme ta.

A da, idan malami ya leƙa ajin wani a makarantar nan, sai a ce shugaba ne ya aiko shi ɗaukar rahoto. A ɗakin malamai kuwa, daga gaisuwa sai hirar ƙwallo. Kowa ya ƙunshe matsalar ajinsa a ciki.

Ana haka aka kawo wata sabuwar malama aji uku. Yara suka raina ta, ita kuma ta kasa tambayar kowa don kada a ce ba ta iya ba. Wata rana Goggo ta tarar da ita a bayan ɗakin karatu tana share hawaye.

"Goggo, ƙarshen wata zan ajiye aikin nan," in ji ta.

"To, 'yata, kafin ki tafi ki taimake ni. Lissafin rabawa ya gagari yarana. Zo ki zauna a bayan ajina, ki gano mini inda nake kwafsawa."

Ta zo tana ɗari-ɗari, ta zauna a kujerar nan. Da aka tashi, da ƙyar ta iya buɗe baki: "Goggo, a gaban rubutunki kike tsayawa. 'Yan gefen taga ba sa gani."

Goggo ta kwashe da dariya, ta faɗa ɗakin malamai tana shela: "Jama'a, ku ji! Ashe shekara da shekaru bayana yara suke karantawa!"

Washegari ta ciccibi kujerar zuwa aji uku, ta ce ramuwa ta zo yi. Wata ya ƙare, sabuwar malama ba ta ajiye aiki ba.

Daga nan kujera ta fara yawo. Nas ɗin makaranta ta zauna a kanta, ta gano wata yarinya da ake cewa ba ta da kai, ashe kunnenta ne ba ya ji sosai. Malamin kimiyya, wanda ya rantse ba mai taka masa aji, an kama shi yana saɓe da kujerar zuwa ajinsa. Wai gyara ta zai yi. Har yau tana ɗingishi.

Goggo, ke ce kika fara bari aka ga kuskurenki, har kowa ya daina jin kunyar nasa. Mu abokan aikinki mun gode, Allah Ya saka da alheri. Malamai kuma, duk inda kuke, ku bar ƙofa a buɗe da kujera ɗaya a baya.

Ranar darasinta na ƙarshe, ma'aikata suka cika bayan aji makil. Da aka watse, malamar aji uku, wadda yanzu har ta yi furfura, ta dafa kujerar.

"Goggo, da ita za ki tafi?"

"In kai ta ina? Akwai sabon malami a aji biyu, ɗazu na ga idonsa ya yi ja."

Malamar ta sunkuya ta ɗauki kwalin, ta ciccibi kujerar.