Makullin Ruwan Baba

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: a labarin nan ni ne wawan. Wata Asabar ce, ina aji huɗu, ajin da boko ta sallame ni ke nan. Muna zaune a unguwar Nima, gidan haya mai ɗaki goma sha biyu da famfo ɗaya a tsakar gida.

Baba yana aikin kamfanin ruwa. Shi ne mai yawo da dogon makullin ƙarfe, ya buɗe wa wannan layi ruwa yau, gobe ya buɗe wa wancan. Aikin da daɗinsa, kada in yi ƙarya. Mai koko takan ƙara mini ƙosai biyu ban roƙa ba, a filin ƙwallo kuwa ko na buga iska ba mai cire ni. Amma ranar da famfo ya yi shiru, mata sukan jera bokitai a ƙofar ɗakinmu suna tambayar Inna, kamar a ƙarƙashin gadonta muka ɓoye kogin.

A ranar ana suna gidan Hajiya Adiza, maƙwabciyarmu, ruwan kuwa siriri yake zuwa, ga tukwanen shinkafa da wake suna jira. Na bugi ƙirji na ce mata ta bar mini. Baba ya tafi jana'iza unguwar Maamobi, makullin yana jingine bayan ƙofa. Na ja shi har bakin titi, na ɗaga murfin ramin da nake ganin yana ɗagawa, na murɗa iya ƙarfina har ya ƙi motsi. Ashe rufewa na yi. Na dawo ina tafiyar manya, na tarar siririn ma ya ɗauke. Da galan aka yi ta jido ruwa daga unguwar Kanda, abinci bai sauka ba sai bayan la'asar.

Ranar Litinin aka kira Baba ofis. Kwana uku muna jiran takardar kora, Inna ba ta ko kallona. Ba a kore shi ba, amma an karɓe makullin, aka mai da shi cikin masu haƙan rami. Bai taɓa dukana a kai ba. Kullum dai ya dawo da laka har gwiwa, ni nake wanke takalmin.

Yanzu tanki ne a kan kowane rufi, yara suna tsotsar ruwan leda, ba wanda ya san fuskar mai buɗe masa ruwa. Kwanan baya nake ce wa yayata Rabi, a zamaninmu ruwa yana da mutunci, mu da muka yi harkar muka sani. Ko ɗago kai ba ta yi daga tsintar shinkafarta ba.

“Wace harka? Awa ɗaya ka yi a aikin, Baba ya shekara goma sha biyar yana haƙa rami. Yi mana shiru.”