Na'Allah da Sabon Darektan Kasuwar Nesa

Na'Allah mutumin Dogarawa ne. A aji shida ya tsaya da lakwal, wato makarantar boko, don shekarar da zai yi jarrabawa damina ta ƙi, ubansa ya ce ya tafi Konni ya nemi abin kai wa baka. Ya zo da rubutu mai kyau da Faransanci daidai gwargwado, bayan ya yi shekaru yana 'yan buga-buga ya samu tebur da kujeru biyu, ya kafa su ƙarƙashin wata darbejiya kusa da gidan waya. Shekara ashirin da biyu yana rubuta wa mutane wasiƙa a wurin.

Yawancin masu zuwa matan 'yan ci-rani ne daga Tajaye da ƙauyukan Illela, sai tsofaffin da 'ya'yansu ke Abijan ko Ikko. Abin da aka san shi da shi, ba ya ɗora alƙalami a takarda sai ya gaji mutum da tambaya. Mace za ta zauna ta ce a gaida maigida, a ce masa kowa lafiya. Na'Allah zai dube ta ya ce, "To, in kowa lahiya, mi ya kawo ki tun daga Tajaye cikin ranar ga?" Daga nan sai magana ta fito: rumbu ya yi ƙasa, ɗaki ya tsage, ɗiya ta isa aure. Shi kuma ya san yadda zai jera su har wanda ke can ya karanta ya kasa barci.

Wayar salula ce ta kashe sana'ar. Zuwa shekarar 2005 sai ya wuni ƙarƙashin itacen ba wanda ya zauna a kujera ta biyu, sai masu neman a cika musu takardar katin ɗan ƙasa. Lokacin ya haura hamsin, da mata, Hawa'u, da 'ya'ya shida.

A 2006 wani saurayi ɗan Illela mai suna Isma'il ya dawo daga Kwatano da wata dabara. Ya shawo kan Alhaji Maman, mai manyan motocin da ke jigilar albasa zuwa bakin teku, ya saya masa kwamfutoci shida ya ba shi wani shago babba a hanyar tasha. Suka sa wa wurin suna Kasuwar Nesa. Aikin kamfanin shi ne koya wa 'yan kasuwa yadda za su tallata kayansu ta intanet: su buɗe imel, su ɗauki hoton haja, su aika wa masu saye a Akara da Lome da Abijan ba sai sun bi ta hannun dillali uku ba.

Watan farko abin bai yi ba. Isma'il ya iya na'ura, amma in ya ce wa ɗan kasuwa ya faɗi abin da za a rubuta, sai mutumin ya ce, "Ka ce ina da albasa mai kyau." Kowa albasarsa mai kyau ce. Wata rana Isma'il ya wuce ta gidan waya, ya tsaya ya ji yadda Na'Allah ke tatsar magana daga bakin wani tsoho. Washegari ya dawo ya ce, "Baba, wurinka na zo. Ina da injin, ba ni da baki."

Na'Allah ya koyi kwamfuta da yatsu biyu, yana zufa, yana tsoron kada ya taɓa wani wuri abin ya ƙone. Cikin wata uku ya zama shi ke riƙe da ajin safe, da Hausa zalla. Koyarwarsa ba ta da wani tsari na littafi. Zai sa ɗan kasuwa a gaba ya ce, "Albasar ga, yaushe anka cire ta? Kwana nawa ta sha iska? Buhu guda kilo nawa? In mota ta tashi yau, yaushe za ta isa Akara? In ta ruɓe a hanya, wa ka ɗauka?" Sai ya ce, "To wanga shi ne talla. Mai saye ba ya son kirari, amsa yake so tun bai tambaya ba." Daga nan su juya maganar zuwa Faransanci mai sauƙi, layi biyar ko shida, mutumin ya danna da hannunsa. Intanet ɗin lokacin kamar tafiyar jakin da ya gaji, hoto guda sai a dafa shayi a shanye bai wuce ba. Amma mutane suna jira, don sun ga amsa na dawowa.

Cikin waɗanda suka fi riƙe abin akwai Abarshi, wani mai albasa daga wajen Galmi, wanda bai taɓa shiga lakwal ba amma ya haddace inda kowane harafi yake. Shi ne ya fara samun mai saye a Akara kai tsaye, wata mata da ke amsa masa da Faransanci irin nasa. Bayan shi mutane suka yi ta zuwa, har da masu tabarmi da masu kilishi da Fulani biyu masu sayar da raguna.

Ƙarshen 2007 Isma'il ya samu aiki a Yamai. Ya yi sallama, aka yi addu'a, ya riƙe hannun Na'Allah ya ce, "Baba, na gaya wa Alhaji kada a taɓa ajin safe." Na'Allah bai taɓa sa rai da kujerar darekta ba. Ya san ba shi da takarda. Abin da yake so kawai a bar shi da ajinsa.

Sabon darekta ya iso bayan sati biyu. Sunansa Sha'ibu, ɗan ƙanwar Alhaji Maman ne, ya gama karatun kasuwanci a Yamai, shekararsa ba ta kai talatin ba. Ranar farko ya tara su, ya yi magana kusan awa guda da Faransanci. Ya ce wurin nan ba rumfar kasuwa ba ne, makaranta ce. Daga yanzu ba a ɗaukar ɗalibi sai mai takardar gama kwaleji. Karatu wata shida ne, da jarrabawa, da takardar shaida. Koyarwa da Faransanci. An sauke allon da ke ƙofa aka rataya wani mai dogon suna wanda ko masu kabu-kabu ba su iya faɗa.

Da aka watse Na'Allah ya bi shi buro, wato ofishinsa, ya kira shi yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci. "Mushe, ajin safe fa?"

"Wane diplom gare ka, Baba?"

"Ba ni da ko ɗaya. Amma mutum talatin da huɗu sunka koya a hannuna, kuma suna aiki da shi."

"Wannan ba koyarwa ba ce, taimako ne," in ji Sha'ibu, ba da faɗa ba, yana ma murmushi. "In masu duba makarantu suka zo suka tarar da malami ba takarda, rufe mu za su yi. Ba korarka zan yi ba. Ka riƙe injin hoton takardu, ka riƙa buɗe ƙofa da safe."

Na'Allah ya fito kunnuwansa na zafi. Da Sha'ibu ya zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya koma gida ya gaya wa Hawa'u, ta ce, "Albashin sun rage?" Ya ce a'a. Ta ce, "To ka buɗe ƙofar." Ranar bai taɓa tuwon ba.

Haka ya koma zaman kusurwa. Samari da 'yan mata masu takardar kwaleji suka cika kujerun. Daga inda yake yana jin Sha'ibu na zana musu akwatuna a allo, yana faɗin kalmomi masu tsawo, su kuma suna kwafa. Wata biyu ba wanda ya aika wa wani mai saye ko layi guda, don ba su da abin sayarwa. Tsofaffin ɗalibansa kuwa in sun leƙo, shi da bakinsa zai ce musu an daina. Wannan ya fi komai ci masa rai.

A watan Afrilu, lokacin da albasa ta cika ko'ina, Abarshi ya shigo da ƙura har gwiwa. Matar Akara ta kira shi ta ce tana son mota biyu, amma ya aiko mata da hoto da bayani yau, don akwai wani da ke mata tayi. Ya nufi kwamfutar da ya saba zama. Sha'ibu ya tare shi ya ce ana cikin darasi. Da ya ji bayani sai fuskarsa ta washe, ya juya ga ɗalibai ya ce ga misali ya kawo kansa. Ya zaunar da wanda ya fi kowa maki, ya ce ya rubuta.

Yaron ya rubuta shafi guda cur. Ya yi gaisuwa layi huɗu, ya yabi albasar ƙasar nan da tarihinta, ya rufe da wata doguwar sallama irin ta takardar neman aiki. Na'Allah ya taso daga kusurwarsa ya karanta ta bayan kafaɗar yaron. Ba nauyin buhu, ba ranar lodi, ba ranar isowa.

"Mushe, ba a faɗi kilo ba. Ba a faɗi yaushe mota za ta tashi ba. Matar ga ba ta karanta abu mai tsawo, na san ta."

Sha'ibu ya ce, "Baba, akwai takardu na jiranka a injin."

"Wallahi in kunka aika wanga, ta tahi wurin wancan."

"Baba." Wannan karon babu murmushi.

Aka aika. Abarshi ya fito ya tsaya a bakin ƙofa yana duban Na'Allah, kamar shi ne ya yi masa laifi. Matar ba ta amsa ba. Da Abarshi ya same ta a waya bayan kwana biyu, ta ce ta buɗe ta ga surutu, ta ɗauka ba shi ba ne, ta riga ta yi magana da wancan. Albasar Abarshi ta koma hannun dillalai kamar da.

Na'Allah ya je gareji wurin Alhaji Maman, abin da bai taɓa yi ba. Ya same shi zaune kan tabarma ana ɗaure wa wata mota tamfol. Alhaji ya saurare shi har ƙarshe, yana jan carbi. Sai ya ce, "Malam Na'Allah, gaskiyarka. Amma yaron ga ɗan ƙanwata ne, uwarshi ta sa ni gaba. In na tsoma baki yanzu, sai a ce na hana shi aiki. Ka ƙara haƙuri." Na'Allah ya kira Isma'il a waya, shi ma haƙurin ya ba shi, ana jin ƙarar motocin Yamai a bayansa, yana sauri.

Abin da ya ƙara dagula wa Na'Allah lissafi shi ne, Sha'ibu ba rago ba ne. Ya sa an canza layin intanet, hoto ya koma wucewa cikin minti biyu. Ya kawo janareta. Ya yi ta rubuce-rubuce har wata ƙungiyar raya karkara ta yarda ta tallafa wa wurin. Na'Allah ya so a ce yaron ba ya iya komai, da fushin ya zauna wuri guda.

A farkon 2009 mutanen ƙungiyar suka aiko cewa za su zo, kuma suna son ganin manoma da 'yan kasuwar da ake koya wa. Ɗaliban Sha'ibu na farko sun karɓi takardunsu sun watse neman aiki, ko ɗaya ba ya sayar da komai. Sha'ibu ya zo har kusurwa, ya jawo kujera ya zauna.

"Baba, ina tunanin mu buɗe aji na Hausa ranar Asabar. Za ka iya nemo mutanenka?"

Na'Allah ya dube shi. Maganganu sun cika masa baki, na wata goma sha huɗu. Abin da ya fito shi ne, "Sai na tambaye su."

Ya hau motar Malbaza, ya bi su rumfa rumfa. Cikin talatin da huɗu, biyar suka yarda. Abarshi ya ce ya yafe, ba ya sake taka wurin. Ranar da baƙin suka zo Na'Allah ya yi darasinsa da wata mai tabarmi, Uwani, ya yi ta mata tambaya har tallarta ta fito layi biyar, ta danna da kanta. Baƙin suka ji daɗi. Sha'ibu ya bayyana musu cewa wannan sabuwar hanya ce da ya ɓullo da ita don kusantar jama'a. Da suka tambayi sunan malamin don su rubuta, ya ce ai ma'aikacin gida ne da ke taimakawa da fassara. Aka fita ɗaukar hoto a ƙofa. Na'Allah ya ce zai yi alwala, bai dawo ba sai da motarsu ta tashi.

Ya riƙe ajin Asabar har ƙarshen shekarar. Sannan masu albasa na Malbaza suka haɗa kai suka sayi kwamfuta guda, suka ba shi wani ɗan ɗaki bayan ma'ajiyarsu. Wuta na ɗaukewa, layin ba shi da ƙarfi, kullum sai ya yi tafiyar mota zuwa da dawowa, gwiwoyinsa na ciwo. Ranar da zai bar Kasuwar Nesa ya kai wa Sha'ibu makullin ƙofa. Sha'ibu ya miƙe tsaye ya ce bai ji daɗi ba, kuma da alama da gaske yake. Ya ce zai rubuta masa takardar shaidar aiki, ya dawo jibi ya karɓa. Na'Allah ya ce to. Bai koma ba.